Kunyar Ɗan Fari

Da ba ɗan fari ba ne, anya da ban lura da wuri ba? Har yau ban sami amsa ba, kuma har in koma ga Allah ba zan manta da makon da aka so sa masa marin ƙarfe ba.

Nan Sabo na haife shi, cikin Ibadan. Kunyar ɗan fari ta hana ni kiran sunansa, ba na ko kallonsa a gaban mutane. To ta ina zan san ba ya amsa suna, ba ya haɗa ido da kowa? Har ya shekara biyar, maganarsa maimaici ce. In an tambaye shi ko zai ci tuwo, tambayar yake mayarwa. Wuni yake yana jera goron ubansa, fari gefe, ja gefe, in an taɓa layin sai ihu da buga kai a bango. Ni kuwa ina bakin kaskon ƙosai ina kawar da kai, matan gida suna yaba kawaicina.

Shekarar da aka fara yaƙi, motocin soja suka yawaita ta unguwar Mokola kusa da mu, abin ya tsananta. Yayar mijina ta ce iskoki ne. Ta samo wani mai magani da ke ɗaure irinsu da mari, aka tsayar da Asabar. Na yarda. Ba ni da hujja, gajiya ce kawai.

Malam mijina, lokacin tari ya kwantar da shi, ya daina fita rumfar goro. Kwana uku yana kan tabarma yana kallon yaron. Ranar Juma'a ya kira ni, ya ce ihun nan ba haka kawai yake zuwa ba: sai mota ta yi ruri, ko an tada injin niƙa na maƙwabta, ko an kama shi ta baya. Da lokacin niƙa ya yi, ya zauna a gabansa, ya gaya masa ƙara na zuwa, ya ja masa hularsa har ta rufe kunnuwa. Injin ya tashi. Yaron ya ci gaba da jera goronsa.

Da Asabar ta zo ya ce, "Yaya, aljanin da hula ke kora ai ba ya bukatar mari." Ta tafi da fushi, yaron ya zauna a gida. A hannuna ya yi furfura, yana tankaɗe wa 'yan kasuwa goro mai sankara, ba ya kuskure.

Malam bai kai azumin shekarar ba. Ranar da zai rasu, da hantsi na kai masa kunu, ya riƙe bakin zanena.

"Uwargida, ni na gama nawa kallon. Kunya ta ɗa mai lafiya ce. Wannan ki dube shi, ko duk Sabo za su yi miki dariya."