Lambun Yaya Ya Fito a Fili

Yayana mai lambu ne a bakin rafin da ke bayan gari, kuma tunda nake ban taɓa ganin mai zargi irinsa ba. In ka yaba latas ɗinsa, kana juya baya zai bi kunya-kunya yana dubawa. Ko ni da muka sha nono ɗaya, in na daɗe ina kallon rijiyarsa sai ya ce, "Wa ya aiko ka?"

Ba na ganin laifinsa duka. Yana ji yana gani gari ya cinye gonakin maƙwabtansa, yau a kafa turaku, gobe a sauke bulo.

'Yarsa ta fari tana aiki a ofishin tsara gari. Hotunan tauraron ɗan'adam take jerawa, na bara da na bana, ta ga inda gari ya ci: kore shuka, ja gini. Wata rana ta zo da ɗokinta, ta miƙa masa waya.

"Baba, dubi lambunka, ya fito a fili."

"A fili?"

"Ƙwarai. Har rijiyar ana gani."

Ita nufinta ya fito sarai. Shi kuwa kalma ɗaya ce ta shige masa kunne, fili, abin da ake yankawa a raba wa masu gini. Sai da ta tafi ya jawo ni gefe.

"Ka ji ko? Sun riga sun sa masa suna. Wa ya ba su izinin leƙa ni ta sama?"

Na yi bayani har bakina ya bushe, a banza. Ya bi gari yana tsintar tsofaffin kwanukan rufi, ya kafa sanduna, ya lulluɓe lambun kaf. Na ce, "Yaya, shuka fa tana son rana." Ya ce masu leƙen ma da rana suke gani.

Ashe hukuma so take ta ware duk inda ya fito kore a bakin rafin, ta hana gini a wurin. Lambunan maƙwabta suka tsira. Da aka ɗauki sabon hoto, na Yaya ya fito ja, don na'ura ta ga kwano ta ɗauka rufin gidaje ne, aka haɗa shi da unguwar da sabon titi zai ratsa.

Yarinyar nan ta yi ta roƙo har aka turo masu dubawa da ƙafa. Suka leƙa ƙarƙashin kwanukan, latas ya daɗe da mutuwa, sai busasshiyar ƙasa. Suka rubuta abin da suka gani. Wallahi ranar na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa.

Da yamma ta zo ta durƙusa gabansa, yana zare ƙusa daga jikin sanda.

"Baba, me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

Ko kallonta bai yi ba.

"In tambayi wa? Ke ma ai tasu ce."