Jirgin Kududdufi da Hannun Baba Tsoho

Wautar farko da na tafka da jirgin nan ita ce na kwance masa dalma. Kada ka yi mini dariya tukuna, tsaya ka ji hujjata. Jirgin wasa ne, tsawonsa bai wuce hannuna ba, da doguwar sanda a tsaye da fararen ƙyallaye biyu. A ƙarƙashinsa an maƙala wani ƙarfe mai kama da wuƙa, a bakin ƙarfen kuma ga curin dalma kamar gwaza. Na ɗaga na ji nauyi, na ce a raina wane marar tunani ne zai ɗaura wa abin da ake so ya yi iyo dutse? Na samo sukudireba na raba su. Ina sa shi a ruwa iska ta ɗan huro, sai ya kwanta a gefe kamar akuyar da ta ƙoshi da dusa, ya ƙi tashi.

Mutum ɗaya ne ya ga wannan abin kunya, kakana na wajen uwa, wanda muke kira Baba Tsoho.

"Direba," in ji shi daga gindin tsamiya, "fasinjojin fa? Duk sun iya ruwa?"

"Hutawa yake yi, Baba Tsoho. Daga Turai ya taso, gajiya ce."

Tun da na zo hutun nan, wannan ce tsokanar farko da na ji daga bakinsa.

Kawuna ne ya ba ni jirgin. Yana sayar da kayan gwanjo a Birnin Kudu, a cikin tarkacen dutsen guga da tsofaffin fankoki ya tsince shi, har da rimot ɗinsa, kuma babu wanda ya taɓa tayawa. Da hutun damina ya zo Umma ta ɗora ni a mota zuwa Basirka, wai ko kunnenta zai huta. Na rungume jirgin tun daga tasha, sandarsa ta tsokale hular kowane fasinja a motar, har da na kujerar gaba.

Na tarar gidan ba yadda na san shi ba. A bazarar shekarar Baba Tsoho ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo, yana dogara sanda ya taka. Hannun dama ne ya ƙi, yana kwance a kan cinyarsa yatsu a naɗe. A asibiti sun ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya kyautar wa yaran maƙwabta.

Abin da ya fi cinsa shi ne ciyayya. A ƙofar gidanmu dattawan unguwa suke haɗuwa bayan magariba, kowa a kawo kwanonsa, a ci na wannan a koma na wancan, kuma shi ne mai buɗe kwanon farko tun kafin a haifi Umma. Yanzu yaya zai sa hagu a kwanon da mutane ke ci? Liman ya zo har ɗaki ya ce masa lalura ce, babu laifi. Ya ce ya sani. Amma a ɗaki yake ci, ƙofa a rufe, kwanon ya fito kusan yadda ya shiga. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da rana sai ya ja kujerarsa bayan gida, bakin kududdufin da aka haƙa ƙasar gini, inda babu mai wucewa balle ya yi masa sannu.

To, nan ne kuma tekuna.

Inna, kakata, ita ta shanya mini kayan cikin jirgin a faifai kusa da kuɓewarta. "Angona," ta ce, "in ka nutse a ruwan nan wa zai riƙa sayo mini goro? Wancan tsohon?" Na mayar da dalma mazauninta, na ba ta haƙuri a zuci.

Daga nan karatu ya fara. Rimot ɗin yana da 'yan sanduna biyu. Ta hagu tana jan zaren ƙyalle ko ta sake shi, ta dama tana juya wata 'yar wutsiya a bayan jirgin, ita ce sitiyari. Babu injin turawa, iska ce kawai. Ni kuwa na ɗauka ta hagun totur ne, na ja zare har ƙarshe ina jiran gudu. Jirgin ya karkace yana jan jiki kamar mai ciwon baya. Na saki duka, ƙyallen ya hau karkarwa kamar wanki a igiya. Sai a hankali na gano ana saki ne har ƙyalle ya fara rawa, sannan a ɗan ja ya cika. Na gano ba ya tafiya kai tsaye inda iska ke fitowa, sai dai a yi ta yanke, dama, hagu, dama, kamar mai bin hanyar gona da keke bayan ruwan sama. Don in san inda iskar take, nakan saci ƙaiƙayin Inna in watsa sama. Rabinsa a idona yake sauka.

Abin da ya fi wahalar da ni shi ne idan jirgin ya juyo yana fuskantata, dama ta koma hagu. Kwaɗin kududdufin nan duk sun san ni. Akwai wani ƙato da na tabbata ya kwashe iyalinsa ya koma garin Sara saboda ni.

Baba Tsoho bai taɓa ganin irin jirgin nan ba, amma hakan bai hana shi zama shugaban direbobi ba. "Ka shaƙe shi, ja'iri, sassauta!" "Ina za ka kai su, Makka?" Rabin shawararsa a cikin ciyawa take ƙarewa, sai ya ce ni ne ban ji daidai ba. Sau ɗaya na miƙa masa rimot. Ya tura hannun nan cikin babbar riga, ya ce wasan yara ne. Ban sake ba.

Wata la'asar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara zuwa da ƙarfi. Jirgin yana can tsallake, yana gudun da bai taɓa yi ba, ni kuwa ina ta ihu. Sai ga shanu sun gangaro shan ruwa daidai inda ya nufa, a gabansu wani bijimi wanda a idona ya kai girman motar da ta kawo ni. Na rikice. Maimakon in juya jirgin, sai na jefa rimot a cinyar Baba Tsoho na kwasa da gudu in kore su. Hanyar zagaye ce, ga taɓo. Takalmina ɗaya yana can har yau. Ina gudu ina ihu, "Juya shi! Sandar dama! Tura sandar dama!"

Na faɗi, na tashi, na ɗaga kai. Bijimin ya riga ya shiga ruwa har gwiwa. Jirgin kuwa, saura ƙiris ya shige tsakanin ƙafafunsa, sai na ga ya yi wani ɗan jinkiri, ƙyallen ya kaɗa ya koma ɗaya gefen, ya juya ya kama hanyar gida.

Na dawo ina ɗigar taɓo. Baba Tsoho ya danne rimot a gwiwarsa da hagu don kada ya zame. Hannun dama yana kai, yatsu a naɗe yadda suke, amma babban yatsan yana kan 'yar sandar. Gumi ya jiƙa masa hula.

"Sitiyarin nan naka da tauri," ya ce, bai dube ni ba.

Na buɗe baki, na rufe. Duk wanda ya san ni zai gaya maka wannan ne babban abin mamakin da ya faru a ranar.

Tun daga nan muka raba aiki. Ni a hagunsa ina kula da zare, shi da sitiyari, kawunanmu a haɗe kan rimot ɗaya muna faɗa. Idan batir ya mutu na kai caji kasuwa, kafin in dawo ya aika a nemo ni. Inna takan leƙo ta saman danga ta koma. Amma na lura ta fara ajiye masa ludayin fura ta gefen dama. Ya zubar a riga, ta wanke. Ya sake zubarwa, ta sake wankewa.

Ana gab da komawa makaranta, bayan magariba, na ɗauki kwanonsa zan kai ɗaki kamar kullum.

"Ina za ka da shi?" ya ce. "Waje."

Dattawan suka matsa suka ba shi wurinsa. Babu wanda ya kalli hannun. Amininsa mai gyaran keke ya ce, "A'a, direban jirgi! Mun ɗauka ka fi ƙarfin tuwonmu." Baba Tsoho ya yi bisimilla ya buɗe kwano. Da babban yatsa da manuni ya yanko loma, 'yar mitsitsiya, wadda ko kaza za ta raina. Ta daɗe a hanya kafin ta kai baki. Ina tsaye da butar wanke hannu na ga tsofaffin nan, waɗanda na san suna share kwano kafin ka ƙifta ido, kowa ya koma yanko 'yar ƙarama yana taunawa a hankali, yana jan hira. Tuwo ya huce sarai kafin su tashi.

Yanzu ina ajin ƙarshe a sakandare. An cike rabin kududdufin an yi shaguna, ɗan injin da ke jan zaren ya ƙone a damina ta gaba, kawu ya nema har Kano bai samu irinsa ba. Hannun Baba Tsoho bai dawo daidai ba. Yatsu uku suna nan a naɗe, kuma har yau loma takan kuɓuce masa ta faɗi a tabarma. A waje yake cin tuwonsa.