Ɗigon Jini a Farar Kujera

Ni kafinta ne. Nakan haɗa katakon kujera in tura wa abokin aikina, shi kuma ya sa soso, ya ja yadi, ya buga. Rumfa ɗaya muke tun kaina bai fara furfura ba. Ci-Ƙusa muke kiransa saboda yadda yake aiki: ya dumbuzi ƙananan ƙusoshi ya watsa a baki, harshe ya riƙa turo su ɗaya bayan ɗaya, hannu ya karɓa, hama ta sauka. Ba ya duban gwangwanin ƙusoshin, ba ya tsayawa. Duk layinmu babu mai saurinsa, kuma ya san da haka.

Bakin ne ya fara lalacewa. In ya tofar da yawu a kan garin katako sai ka ga ja. Dasashinsa ya kumbura, ya janye, har haƙoran suka yi kamar sun ƙara tsawo. In zai yi maka magana kuwa, sai ka nemi abin kallo a gefe saboda wari.

Ɗaya matsalar sai da na ga kwalabe na gane ta. Ƙarƙashin bencinsa, bayan tarkacen soso, ya jera maganin maza irin na masu talla da lasifika. Wata rana da muka rage mu biyu ya ce, "Yaya, abin nan fa ya ƙi." Bai ɗago kai ba. "Maman yara ta koma ɗakin yara da kwana. Tun kafin ta koma ma, baya take juya min."

Na ce, "Ka je asibiti."

"In ce musu me?"

"Abin da ka ce min."

Bai je ba. Kwalba ya ƙaro.

Ana nan wata mai shagon gyaran gashi ta dawo da farar kujerar da muka yi mata. Duk inda ƙusa ta shiga, akwai ɗan ɗigo ja-ja a yadin. Ya ce tsatsa ce. Ta ce sabuwar ƙusa ba ta tsatsa, a sake mata. Tana fita matarsa ta shigo da abincin rana. Ta ajiye kwanon, ta sunkuya ta dubi kujerar.

Ta ce, "Irin wannan nake wankewa a rigar filo kullum." Sai ta juyo wurina. "Baba kafinta, ka yi haƙuri, a gabanka zan faɗa, tunda ni ba ya jin tawa. Yana zaton don wancan abin na bar ɗakin. Wancan zan iya haƙuri da shi. Bakinsa ne ba na iya kwana kusa da shi. Baban yara, ko ka je a duba ka, ko in kwashi yara in koma wurin yayata. Na gaji."

Ta tafi ta bar kwanon. Ranar bai ci ba.

Washegari ya je asibiti, ya dawo yana huci. "Yaya, na kai ƙarar abin ƙasa, likitan nan ya ce in buɗe baki!"

"Ka buɗe?"

"To ya zan yi? Wai mai yiwuwa abu biyun suna da alaƙa. Wai kumburin dasashi in ya daɗe yana iya taɓa jijiyoyin jini, shi kuma wancan aikin jini yake so. Ya auna ni, ya duba suga, ya tura ni wurin likitan haƙori. Ya ce in bar kwalaben nan."

"Ya ce za ka warke?"

"Wataƙila ya ce. Ya ce da alaƙa da babu, bakin dole a gyara shi. Kuma ƙusa ta bar shiga bakin."

An kankare masa haƙora, an cire ɗaya da ya riga ya yi rawa. Ya sayi buroshi mai laushi ya ajiye a rumfa kusa da butar ruwa. Wannan duk mai sauƙi ne. Ƙusar ce aiki. Ya ciro maganaɗisu daga wata matacciyar lasifika, ya ɗaure a wuyan hannu, ƙusoshi suna manne a kai. Yakan kai hannu baki ya tarar babu komai, sannan ya tuna. Kujerar da yake gamawa kafin rana ta yi tsaka ta koma kai shi yamma. Masu aikin gaggawa suka fara tsallakawa rumfar gabanmu. Mai fentin layinmu in ya zo wucewa sai ya leƙo ya ce, "Sannu da jinya, an yaye Ci-Ƙusa!"

Wata rana aka kawo kujerun ofis, ana so kafin a tashi. Na gan shi ya dumbuzi ƙusoshi, ya kai su har leɓe. Ya tsaya haka. Sai ya mayar da su gwangwani. Aikin bai gamu a ranar ba, mai shi ya zazzaga masifa, bai sake kawo mana komai ba.

Da aka kwana biyu matar ta sake zuwa da abinci. Ba ta ajiye kwanon ba ta ce, "Buɗe in gani."

"Haba, a gaban Yaya?"

"Ai a gabansa na fara."

Ya buɗe. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa nasa, ta duba sama ta duba ƙasa, ba ta kawar da kai ba.

Ta ce, "To. In za ka taho, ka zo min da guntun soso. Filona ya mutu, kuma na ga naka ya fi shi tudu, wuyana sai ciwo yake da na mayar da shi kusa da naka."

Ko wancan abin ya dawo, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Kwalaben dai ni na share su tare da garin katako. Shi kuma bai taɓa guntayen ba. Sabon soso ya sauko da shi, mai kaurin da muke ajiye wa manyan kujeru, ya auna, ya yanka.