Katakon Gangarar Yaya

A duk zuwan da na yi Guangzhou, akwai wasu kwana biyu da ba zan manta da su ba har in koma ga Allah. A ƙarshen shekarun casa'in ne, ina sabon shiga harkar takalma. Na gama sayayya a kasuwar takalma ta Zhanxi Lu, kaya sun tafi tashar jiragen ruwa ta Huangpu suna jiran kwantena, ni kuma ba abin yi sai zaman masauki a titin Huanshi Lu. Wani Alhaji ɗan Maradi da muke ɗaki ɗaya, wanda ya daɗe a garin har yana ɗan jin yarensu, ya ce in taso mu je gindin dutsen Baiyun mu sha iska.

Muna hawa wata siririyar kwalta sai na hango mutum yana gangarowa a tsaye kan wani dogon katako mai taya huɗu. Ba yaro ba ne, ya yi furfura. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne bai miƙe hanya ba. Sai ya karkata dama, katakon ya bi shi, ya karkata hagu, ya sake binsa, yana yanka kwaltar gefe zuwa gefe. Babu sitiyari, babu burki, amma ya zo gabanmu a hankali ya sauka.

Nan take Yayana ya faɗo mini a rai. Shan inna ta taɓa shi tun yana ɗan shekara uku, tun daga nan bai ƙara taka ƙasa da ƙafafunsa ba. Gidanmu a Jos yana kan tudu, shagonsa na gyaran rediyo yana ƙasa, kuma kullum da safe a zaune kan katako mai tayoyin boris yake gangarawa, silifas a tafin hannu su ne burkinsa. Katakon ba ya shan kwana sai ya tsaya ya juya shi da hannu. Watanni kaɗan kafin tafiyata ya faɗa lambatu, kafaɗarsa ta goce, Inna ta rantse ba zai sake hawa ba. Tun ranar yake zaune a gida, shago a rufe.

Na ce, "Alhaji, don Allah tambaye shi yadda abin nan yake juyawa."

Mutumin ya yi dariya, ya kifa katakon ya nuna mini cikinsa. Ashe a wata ma'aikata yake aiki, suna ƙera su ana fita da su ƙasashen Turawa, a garin ma ba kowa ya san su ba. Ya rubuta mana kwatance a bayan kwalin sigari.

Washegari muka same shi a wani ɗaki a bayan ma'aikatar, katakai jingine da bango sun fi ashirin. Ni dai ɗan kasuwa ne, idona ya tafi kan wani ja mai ƙyalli. Na nuna shi na ce, "Laoban, wannan." Wato maigida, kalmar da na fi iyawa ke nan.

Ya girgiza kai. "Meiyou."

Babu? Ga shi ina kallo? Alhaji ya ce, "Ba cewa yake babu kaya ba. Cewa yake ba zai ba ka ba sai ya san wanda zai hau."

Daga nan na koma ɗalibi. Ya ɗora wani katako ya sa na taka tsakiyarsa, na ji ya lotsa ya dawo. Wani kuma ko motsi bai yi ba. Ya ba ni taya biyu in matsa da babban yatsa, ɗaya tauri kamar dutse, ɗaya da ɗan laushi, ya ce mai laushin ita ke kama kwalta ta haɗiye tsakuwa. Ya kwance noti da sifana ya ciro wata 'yar roba mai kama da murfin kwalba, ya ce duk juyawar a nan take: in ta yi tauri katako ya ƙi lanƙwasa, in ta yi laushi da yawa ya riƙa rawa a gangara. Kuma yankan nan da yake yi hagu da dama shi ne burkin, kowace kwana tana cinye gudu. Na yi ta tambaya har Alhaji ya ce bakinsa ya gaji.

Da na gaya masa mai hawan a zaune zai hau, sai ya jawo katako ya zauna a kai, ya naɗe ƙafafu, yana karkata jiki yana sauraron yadda yake amsawa. Sannan ya jero tambayoyi. Nauyinsa nawa? Ina yake ajiye ƙafafunsa, gaba ko gefe? Wane hannu ya fi ƙarfi? Kwana nawa ce a hanyar?

Wallahi ko ɗaya ban iya amsawa ba. Shekara talatin muna gida ɗaya, sau dubu na wuce shi a gangaren nan, ban taɓa tsayawa na kalli yadda yake zama ba. Don in rufe kunyata na nuna wani mai faɗi, mai nauyi, wanda da ƙyar yake juyawa, na ce shi ya fi aminci. Mutumin ya ɗaga kafaɗa, ya yi alamar waya da hannunsa.

Da la'asar na je wurin buga waya. Lokacin hantsi ne a gida. Na kira wani kanti a unguwarmu mai tarho, aka ɗauko Yaya, na sake kira. Na yi masa bayani, na ƙare da cewa na zaɓar masa wanda ba ya gudu.

Ya ce, "Wa ya ce maka ina son wanda ba ya gudu?"

"Yaya, kafaɗarka fa."

"Ba gudu ne ya kayar da ni ba, ƙanena. Akuya ce ta shigo, katakon ya ƙi kaucewa." Ya ci gaba, layin yana shuu. "Ka san duk yini sama nake kallon mutane, kowa ya wuce ni. Minti biyun nan na safe kaɗai ne nake wuce kowa, har masu keke. Iska tana dukan fuskata. Kada ka sayo mini kujera. Sayo mini mai jin magana."

Ban taɓa sani ba. Mu duka a gidan mun ɗauka wahala yake sha a gangaren nan. Sai ga shi yana zuba mini bayani kamar injiniya: ƙafafunsa hagu yake tara su, don haka nauyinsa ya fi a can, kwana uku ce, ta biyun ita ce mugu, kwaltar ta farfashe kusa da famfo. Har ya tambaye ni ko robar nan ana iya canza ta.

Na koma da amsoshi a takarda. Mutumin ya karanta ta bakin Alhaji yana gyaɗa kai, ya zaɓo wani dogo mara ado, mai ƙasa-ƙasa, ya sa masa tayoyi masu laushi, ya gwada roba kala uku kafin ya yarda da ɗaya. Ya haɗa mini da sauran a leda, da safar hannu mai kauri. Ban bari ya bi kwantena ba, a hannu na shiga jirgi da shi.

Sati guda Yaya yana gwaji a fili kafin Inna ta sassauta. Ranar da ya hau gangaren, ta tsaya a ƙofar gida ta toshe baki da mayafi. Ya yanka dama, ya yanka hagu, ya sha kwana ta biyu kamar da ita aka haife shi. Na bi shi da gudu ina haki. Ko da na isa ƙasa har ya buɗe shago, yana kakkaɓe teburinsa yana yi mini dariya.

Abin da na koya shi ne, son mutum ba ya nufin ka san shi. Yanzu ko 'ya'yana zan yi wa abin da nake ganin alheri ne, sai na zauna na tambaye su tukuna, kuma in yi shiru har su gama magana.