Bin Sawun Bilendar Baba Har Babban Mutum

Daura, da asuba

Ana sallame sallar asuba na yafa mayafi na fita, ko ruwan zafi ban sha ba. Ladidi, matar ƙanena Sani, ta biyo ni har zaure tana cewa, "Yaya Binta, don Allah ki tsaya ki ji yadda aka yi." Na ce mata in ta ƙara kalma ɗaya zan manta cewa matar ƙanena ce. Ta koma ciki, ni kuma na nufi tasha raina a ɓace.

Ga abin da ya fitar da ni. Mahaifinmu ya daɗe kwance da shanyewar ɓarin jiki. Magana sai kalma ɗaya ko biyu, ita ma da ƙyar. Haɗiya ce babbar wahalarsa: abu mai ruwa-ruwa ya sarƙe shi, mai gudaji ya shaƙe shi. Mun gwada turmi da rariya, zaren kabewa ya tsaya masa a maƙogwaro. Mun kai injin markaɗen unguwa, abincin ya dawo da yajin attaruhun mutane, ya wuni yana tari. Sai da ya koma ƙashi da fata kafin Sani ya sayo mana bilenda, 'yar na'urar markaɗe mai aiki da lantarki, a Kano, a lokacin da duk layinmu ba mai irinta. Ina da 'yar garka a bayan gida, ga shi kaka ta yi: kabewa, yakuwa, zogale, dankali, ɗanyar gyaɗa. In dafa, in zuba a bilenda, ta fito sumul da kauri, Baba ya shanye kwano guda. Har kumatu ya fara yi.

Kwana biyu kacal na yi a Mai'aduwa wajen gaisuwar mutuwa. Na dawo na tarar da gurbin bilenda wayam, Baba kuma ba abin da ya shiga cikinsa sai 'yan cokulan koko da ake ɗura masa yana tari. Wai Gwaggo Atine, ƙanwarsa da ke Sandamu, ta zo ta tafi da ita aro. Aro! Mu dai a ƙasar nan kunyar hana aro za ta kashe mu wata rana.

A tasha na sami bas ta Sandamu. Tun da aka ƙaddamar da shari'a aka mayar da mu mata kujerun baya, ba ni da ja a kan wannan, amma kwandastan ya mayar da bayan wajen ajiye buhuna. Na ce masa, "Yaro, mata aka ce a ware, ko aka ce a danne su da gyaɗa?" Ya yi dariya ya janye buhu ɗaya, ya bar mini ɗaya a kan ƙafa.

Sandamu

Tafiyar ba nisa. Rana na fitowa na yi sallama a gidan Gwaggo, na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Tana ganina ta fara jero gaisuwa, ina gajiya, ya mai jiki, ya kaka, kamar in ta ja gaisuwar zan manta abin da ya kawo ni. Na durƙusa na amsa duka, don ba a ce ba ni da tarbiyya ba.

"Gwaggo, bilendar Baba na zo karɓa."

"Ke 'yar nan, ko ruwa ba ki sha ba."

"Shi ma mai ita bai sha ba. Tana ina?"

Ta ci gaba da ɓararta ba ta dube ni ba. "Tana Zango, gidan ƙawata Kande. Biki ake yi. Kwana nawa ne duka, za a dawo muku da abarku."

Wato ita ma aron ta ba da aro. Na ce mata ɗan'uwanta kwana biyu ke nan bai ci abinci ba. Sai ta watsar da ɓawon hannunta ta ce, "Mu da muka yi jinyar iyayenmu da turmi da taɓarya, mutuwa suka yi?"

Na ce, "Ai sun mutu, Gwaggo."

Ta riƙe haɓa tana salati. Ban tsaya jin ƙarshensa ba. Na san wannan maganar sai ta zagaye dangi kafin Juma'a, kuma ko a jikina.

Zango

Maimakon in koma Daura in sake jiran mota, na ɗauki ɗan acaɓa ya yanke da ni ta cikin gonaki. Da farko ya yi ta noƙewa, wai yanzu ana yi musu magana a kan ɗaukar mata. Na ce ya dube ni da kyau, na haife shi. Ya sa na ajiye jakata a tsakaninmu, muka kama hanya. Ko'ina mutane na ɗaurin gero, amalanken shanu na tafe da dammuna, wake ya bushe yana jiran roro. Wata rana da na ji daɗin kallo. Ran nan kuwa duk kabewar da na hango a gefen gona, Baba nake tunawa. Sau biyu yashi ya kayar da mu, sau biyu na tashi na kakkaɓe na ce masa ja mu je.

Da hantsi muka shiga Zango. Gidan Inna Kande bai yi wuyar samu ba, don ga tokar murhun biki a ƙofar gida, mata na wanke manyan tukwane. Ashe an gama. Na same ta, dattijuwa mai fara'a, na gabatar da kaina, na ce in an gama markaɗen a ba ni bilendarmu.

"Markaɗe? Wane markaɗe, 'yata? Ai a jere aka sa ta."

Na ɗauka kunnena ne. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani a hankali. Amaryar, Safiya, marainiya ce, ita ta riƙe ta. An yi iya ƙoƙari, kayan ɗaki ba su cika ba, kuma dangin ango mutane ne masu ido. Sai aka yi abin da kowa ke yi ba ya faɗa: aka aro agogon bango a nan, fulas a can, bilenda a Daura. In an kwana bakwai, 'yan kallo sun ɗauke ƙafa, a bi dare a mayar wa kowa da kayansa. Jiya aka kai amarya garin Babban Mutum, can gaba da Baure.

Na ce, "Inna, Babban Mutum ɗin, gidan akwai wuta?"

"Ina fa wuta. Ai don ado ne."

Don ado! Tsoho na can yana fama da yunwa, abin da ke ciyar da shi yana wani gari yana ado. Na ce mata zanen aro dai ba ya rufe katara. Ta ce ta sani, amma ya fi tsirara. Ta riƙo hannuna tana roƙon kada in tona wa yarinya asiri a gaban surukai. Na zare hannuna na ce ni ma ina da wanda nake rufa wa asiri.

Baure zuwa Babban Mutum

Na sayi dafaffen dankali a tasha, na kasa ci, na tura shi a jaka. Motar Baure tsohuwar tasi ce, mu huɗu a baya da akuya a but tana kuka. Direban ya tsaya ɗaukar kaya, ya tsaya sauke kaya, ya tsaya gaisawa da surukinsa a bakin hanya. A nan ne na leƙa ta taga na ce, "Malam direba, in zumunci ka fito yi, sauke mu mu nemi mai aiki." Fasinjoji suka yi ta dariya, ni kuwa ba wasa nake ba.

A Baure na canja zuwa a-kori-kura, don ita kaɗai ke lodi. Saboda iyaka na kusa, shingen masu kaki biyu muka wuce, kowanne sai an soki buhuna an duba ƙarƙashin kujera. Ana kiran azahar muka isa.

Gidan amarya cike yake da mata 'yan ganin ɗaki. Na yi sallama na kutsa. Ɗakin ƙasa ne an shafe shi tas, ga gado, ga kwalla a jere har sama. A tsakiyar kabet, a wuri mafi daraja, ga bilendar Baba. An goge ta tana ƙyalli, an naɗe wayarta an ɗaure da zare ja. A cikin kofin da nake markaɗa wa mahaifina abinci an cusa furannin roba.

Wallahi sai da na ga duhu. Wata mata kusa da ni tana cewa, "Kun ga na'urar nan? Ko a gidan hakimi ban gan ta ba. Ashe yarinyar tana da gata." Na buɗe baki zan faɗa musu ko gatan wane ne.

Sai amaryar ta ɗago mayafi. Yarinya ce siririya, lallen hannunta bai ko fara gogewa ba. Ban san ta ba, amma ita ta san ni, don na ga jinin fuskarta ya ɗauke. Ta matso kamar za ta gaishe ni, ta durƙusa ta kama gefen zanena, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, don girman Allah ki bari su watse. Ni ce 'yar Malam Idi mai shanu."

Na san sunan. Abokin fataucin Baba ne, tare suka yi shekaru suna kora shanu kudu, ya rasu tun tana goye.

"An ce mini Baba ne da kansa ya ba da ita," in ji ta.

Na ce, "Mutumin da ba ya magana? Kada ki ƙara mini ƙarya a kan ɓacin rai."

Amma bakin da na buɗe ya ƙi faɗin abin da na zo da shi. Jiran watsewarsu kuma ba zai yiwu ba, motar ƙarshe ba ta kai la'asar. Na miƙe na ɗaga murya na ce ni 'yar'uwar amarya ce daga Daura, an yi mantuwa, an kawo na'urar ba a gwada ta ba, zan kai ta inda ke da wuta a gwada kafin mai shago ya ƙi karɓa. Na zare furannin na dasa su a cikin wata kwalla, na naɗe bilenda a ɗankwalina na ajiya. Mata suka yi ta cewa gaskiya ne, kayan zamani sai da gwaji.

Uwar angon ta rako ni zaure. Tsohuwa ce mai ƙaramin jiki da kaifin ido. Ta sa aka ɗauko wata ƙatuwar kabewa daga kan rumbu ta ɗora mini.

"Ki gaida mai jiki," ta ce. "In an gwada, ba sai an dawo da ita ba. Ni ma ranar da aka kawo ni gidan nan, rabin tasoshina na maƙwabta ne."

Na gyara riƙon kabewar. Haushina ma ƙaruwa ya yi: ashe kowa ya sani, ana ta wasan ɓuya da cikin mahaifina.

Komawa gida

Na rungume bilenda a cinya kamar jaririya, kabewa a ƙafa. A shinge wani mai kaki ya sa na kwance ɗankwalin, ya juya ta, ya tambayi takardarta. Na ce masa takardarta na kwance a Daura yana jiran abinci, in yana so ya biyo ni ya gani. Ya dube ni, ya miƙo mini abata.

Ana kiran magariba na shiga gida. Ba wuta, Sani ya tayar da ɗan janareto. Ladidi ta riga ta hura gawayi. Na ga tafin hannunta ya yi ja ya kumbura, ashe wuni ta yi tana daka tana tacewa da tsumma, Baba na kawar da kai. Na fere kabewar Babban Mutum, na tsinko yakuwa kaɗan da zogale a garka, na zuba gyaɗa. Muna tsugune gaban tukunya ta yi magana ba ta dube ni ba.

"Yaya, na hana Gwaggo. Har na ɓoye ta a bayan buhu. Da ta ambaci 'yar Malam Idi, sai Baba ya yi ta bugun tabarma da hannunsa mai lafiya yana nuna inda na ɓoye. Bai daina ba sai da na ɗauko."

Na ci gaba da juya tukunya. Tun asuba take son faɗa mini wannan.

Da bilenda ta ɗauki ƙara, na ji motsinsa a ɗaki. Na zuba a kwanonsa, na jingina shi da filo, na zauna. Idanunsa sun faɗa. Fushin da na yi ta rabawa tun daga Sandamu har bakin iyaka, ga mai shi a gabana, kuma ba yadda zan yi da shi. Na ce, "Baba, ka kyauta ke nan? Da ka mutu fa?" Na ɗebo cokali na kai bakinsa.

Ya datse leɓe. Ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta miƙe, har maganar ta fito a karkace.

"Sun... gani?"

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa ɗan acaɓan da ya jure bakina, da tsohuwar da ta ba ni kabewa, da Ladidi wadda na nemi gafararta a daren. Gwaggo Atine kuwa har yau ban je na ba ta haƙuri ba. Amma a lokacin ba godiya ce a bakina ba, hawaye ne ke zuba a kan hannun da ke riƙe da cokali.

Na ce, "Sun gani, Baba. Har cewa suka yi tana da gata."

Sannan ya buɗe baki.