Jikan Sarkin Baka a Dubai

Ina duƙe kamar mai ruku'u, ƙafata ɗaya cikin likkafar baka, ina jan tsirkiya iya ƙarfina, sai bayana ya ce ƙas! Na kasa miƙewa.

Wani wurin koyon harbi na je a Ras Al Khor, don in gwada bakan nan mai kama da bindiga, wanda ake ɗanawa a ja kunama. Niyyata in zaɓi na farauta kafin in je hutu gida. Mai koyarwa ya miƙo min mai laushi, ya ce da Larabci, "Shwaiya shwaiya, habibi," wato in bi a hankali. Na ce ya kawo mafi tauri, ai ni jikan Sarkin Baka ne.

A kwance abokina ya mayar da ni masaukina a unguwar Satwa, a kujerar bayan mota.

Da Inna ta kira, na ba ta labari, na ce, "Na dai ba wa Kaka kunya."

Ta yi dariya har da tari. "Wace kunya? Kakanka bai taɓa harbin ko zomo ba."

"To Sarkin Bakan fa, Inna?"

"Na baki ne, ɗan nan! Surutu ya ja masa sunan. In ya zauna a majalisa, sai ya gama da zakunan daji kafin shayi ya dahu."

Har yanzu a zaune nake salla. Ashe na ci gadon, ban dai san wanne ba ne.

Ku fa, wane labarin gidanku kuke tinƙaho da shi ba ku taɓa tambayar tushensa ba?