Baristan Filin Jirgi

Mijina Shitu direba ne. Na fara da wannan ne saboda akwai mata a garin nan na New York da har yau suke ɗauka lauya ne, kuma shi ya jawo wa kansa.

Ɗan Fagge ne. Kafin cacar biza ta faɗo kansa, malami ne a wata sakandare a Kano, yana koyar da darasin gwamnati. Lauya ya so zama, Allah bai nufa ba. Da muka zo muka sauka a unguwar Jamaica, kusa da filin jirgin JFK, sai ya kama tuƙi, ni kuma na samu aiki a gidan kula da tsofaffi. Mutumin kirki ne, wannan ba zan ɓoye ba. Ba ya yawo, ba ya zagi, bai taɓa barin mu da yunwa ba. Ciwonsa ɗaya ne, musu. In ka ce masa shayin nan ya yi zafi, sai ya tambaye ka da me ka auna. In kuma ka yarda da maganarsa, ransa ɓaci yake yi, ya koma ɗaya ɓangaren don kada hira ta mutu.

A filin jirgi akwai wurin da direbobi suke ajiye motoci su jira layin ɗaukar fasinja ya zo kansu, wani lokaci a shafe awoyi. Masu hankali su yi barci, wasu su ci abinci, wasu su ja carbi. Shitu sai ya ɗauko waya. Suna da zaure a WhatsApp, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Zangon Ghana, wanda aka buɗe don a riƙa sanar da juna inda cunkoso yake da lokacin da jirgin Accra ya sauka. Yanzu ko gada ce ta rufta ba mai faɗa maka, siyasar Amurka kawai ake yi. Yau a kan bindiga, gobe a kan ko ɗan sanda yana da ikon buɗe wayarka, jibi a kan ko za a iya yi wa kundin tsarin mulki kwaskwarima. Tun ranar da Shitu ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa ya daina cewa "kundinsu", ya koma "kundinmu", kamar da shi aka zauna aka rubuta. Kuma ba ya rubutu, saƙon murya yake turawa, dogo, da gyaran murya da komai.

Har gida abin ya biyo mu. Tuwo yana hucewa, shi yana yi wa wani Fu'ad da ban taɓa gani ba bayani. Na ce masa, "Baban Haisam, waɗanda suka rubuta kundin nan sun mutu sun huta, kai ka hana mu sakat." Sai ya ce ai ko wannan maganar tawa kundin ne ya ba ni damar yin ta. Wallahi wani lokaci ji nake kamar in jefa wayar cikin tukunyar miya.

A lokacin ana ta cece-kuce a ƙasar kan jariran da aka haifa a nan alhali iyayensu ba su da cikakkun takardu, ko za a ci gaba da ɗaukar su 'yan ƙasa. A zauren direbobi kowa ya tsaya gefe guda, don kusan kowa yana da ɗa ko ƙane da abin ya shafa. Shitu ya ga ba abokin musu. Sai ya tura gajeren saƙo ya ce, tunda duk sun taru wuri ɗaya, bari shi ya zama lauyan ɗaya ɓangaren, a ga wanda zai iya kayar da shi. Sannan ya tura na biyu, dogon. Ni duk ban san an yi wannan ba sai daga baya.

A wurin aikinmu akwai Mariatu, 'yar Kumasi, tana zaune a Port Richmond. Kullum sai ta hau jirgin ruwa, ta hau na ƙasa, kafin ta iso. Takardunta suna hannun hukuma ba su fito ba, mijinta yana aiki a wata jiha, ga ciki wata bakwai, na fari. Na lura ƙafafunta sun kumbura har ta daina ɗaure takalmi, kullum tana dafe da kai. In na tambaye ta awo, sai ta ce sati mai zuwa. Ran nan da hutun rana na zaunar da ita, na ɗauko abin awon jinin da muke yi wa tsofaffi na ɗaura mata. Abin ya nuna jininta ya hau sosai.

Na ce, "Mariatu, yaushe rabonki da asibiti?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Anti Sa'a, ba zan iya zuwa ba. Bari ki ji abin da wani lauya ya ce."

Ta buɗe waya. A saman saƙon an rubuta, wani babban barista a New York ya yi gargaɗi, a tura wa 'yan uwa mata don Allah. Ta danna. Aka yi gyaran murya, sannan muryar ta fara: "Daga yanzu duk macen da ta shiga asibiti ba takardu, sunanta ya shiga kwamfuta. Jaririn ba ɗan ƙasa ba ne, uwar kuma a bakin ƙofa za a jira ta. Kun gane ko?" A bayansa ana jin ƙarar jirgi yana tashi.

Wannan "kun gane ko" na shekara ashirin ina jin ta a kan tabarmar cin abinci. Saƙon farko, wanda ya ce wasa yake yi, ba wanda ya tura shi ko'ina. Na biyun ne ya fita daga zaure, ya zaga gari, aka naɗa masa rawanin barista a hanya.

Na fita waje na kira shi. Ya ce in yi sauri, saura kaɗan layi ya zo kansa. Na ce ya fito daga layin ya zo yanzu. Ya fara cewa ai tun safe yake jira, na ce, "Baban Haisam, in ba ka zo ba, ni zan zo filin jirgin in yi maka abin a gaban abokan musunka." Ya san ni, ya zo.

Na lallaɓa Mariatu na ce mijina zai rage mata hanya. Ta shiga baya, na zauna kusa da ita. Shitu ya juyo da fara'arsa ya ce, "Sannu da aiki, ya jiki?" Sai na ga hannunta ya tafi ga marfin mota. Ta gane muryar. Na riƙe ta, na ce ta kwantar da hankalinta, wannan ba lauyan kowa ba ne, direba ne, kuma yanzu zai yi mata bayani da bakinsa. Na sa ta kunna masa saƙon. Ya saurari kansa har ƙarshe, fuskarsa tana sauyawa.

Kun san me ya fara yi? Lacca. Wai ai canza kundin tsarin mulki ba abu ne mai sauƙi ba, sai kashi biyu cikin uku na majalisu sun yarda, sai kashi uku cikin huɗu na jihohi. Na ce, "Rufe mana baki. Ba aji kake ba. Yarinyar nan jininta ya hau, tun da ta ji muryarka ba ta koma awo ba."

Mariatu ta ce, "Malam, ka faɗa mini tsakaninka da Allah. In na je, za su kama ni? Ɗana zai zama ɗan ƙasa?"

Ya sadda kai ƙasa. Ban saba ganin haka ba. Can ya ce, "Maganar 'yan ƙasa tana gaban manya da kotuna, ban san ƙarshenta ba. Amma zancen kwamfuta da jira a bakin ƙofa, ni na ƙirƙira. A cikin motar nan, ina cin gyaɗa. Don in ci musu ne kawai."

Ta dube shi, hawaye yana zuba, ta ce, "Musu." Ni ta juyo ta ce wa mu tafi asibitin.

Suna auna ta suka ce ba za ta koma gida ba, kwantar da ita za su yi. Nas ɗin ta ce mini gara da aka zo yau. Kafin a tura ta ciki, Mariatu ta kamo mayafina. Ta ce wadda ta turo mata saƙon wata ƙawarta ce, Tahiratu, a Bronx. Watan haihuwarta ne wannan, kuma ta riga ta yanke a ɗaki za ta haihu. Ba ta san gidanta ba, lambarta kawai take da ita. Na kwafa.

Na tarar da Shitu a mota ya riga ya tura wa zaure saƙon gyara, yana roƙo a yaɗa shi duk inda na farko ya je. Amsoshi suna ta shigowa. Wasu sun turo hoton dariya, Fu'ad kuma ya buɗe sabon musu, wai ko 'yancin faɗin albarkacin baki ya rufe irin wannan. Na miƙa masa lambar Tahiratu, na gaya masa halin da take ciki.

Ya kira, ya sa yadda zan ji. Mace ta ɗauka, muryarta a gajiye. Ya yi sallama, ya ce, "Don Allah da Tahiratu nake magana? Sunana Shitu, ina so in yi miki bayani a kan..." Muka ji ta ja numfashi, sai layin ya katse. Ya sake kira, ta ƙi ɗauka. Ya sake, aka ce wayar a kashe take.

Ya daɗe yana kallon wayar a tafin hannunsa. Sannan ya kife ta a kan cinya, bai dube ni ba, ya ce, "Sa'a, gwada da taki. In ta kunna, ke ki yi mata magana. Ni kada ta ji ko tarina."